Cin Ranin 'Yan Taiwan a Hamadar Arizona

Na fi shekara 20 ina sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, kuma duk tsawon wannan lokaci in na ce "Taiwan" ba ƙasa nake nufi ba, ajin kaya nake nufi. Akwai orijinal, akwai Beljiyam, sai ɗan Taiwan, wanda ake miƙa wa mai ƙaramin ƙarfi a ce ya lallaɓa da shi kafin Allah ya hore. Iyakar sanina ke nan har ranar da na sauka a filin jirgin Sky Harbor na birnin Finiks, a Jihar Arizona ta Amurka, farkon watan Satumban 2024. Ƙanena na je gani. Ma'aikacin jinya ne a can, rabonsa da Kano shekara tara, 'ya'yansa uku kuwa a waya kawai suka san ni.

Daga Abuja muka bi ta Landan, daga can jirgi ɗaya ya sauke mu a Finiks. Zafi ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Na san Sakkwato a watan Afrilu, amma ban taɓa shaƙar iskar magariba mai kama da ta bakin gidan burodi ba sai a nan. Ƙanena ya ce tun ƙarshen Mayu babu ranar da zafin bai kai kusan digiri 38 ba. Garin a shimfiɗe yake kamar tabarma, duwatsu a gefe, ga wata irin ƙerana doguwa mai hannu biyu a sama, sai ka ce wanda 'yan sanda suka tare.

Unguwarsu tana arewacin gari, gidaje duk launin yashi, da rana ba ka ganin ɗan Adam a titi. Ƙanena aikin dare yake, in ya dawo sai barci. Matarsa ta tafi nata aikin, yara su tafi makaranta. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, zaman ɗaki ciwo ne a wurina, sai na mayar da bayan sallar asuba lokacin zagayena kafin rana ta take. A zagayen nan na fara lura da wasu gidaje: takalma a jere a bakin ƙofa kamar na masallata, da jajayen takardu masu rubutu liƙe a gefen ƙofar, rana ta koɗar da su. A layinmu kaɗai na ƙirga huɗu. Ɗaya ma katanga ce kawai ta raba shi da namu.

Ranar da ƙanena ya haɗa ni da maigidan, wani siriri mai tabarau da bai kai 40 ba, sai na ga dama ta samu in nuna na san duniya. Na yi masa "ni hao" ɗin da na koyo a Guangzhou, na ce ai sau huɗu ina zuwa ƙasarsu sarin kaya. Ya yi murmushi, ya ɗan rusuna, ya ce Guangzhou a Chaina take, shi daga Taiwan ya zo. Bai ƙara ko kalma ba. Muna shiga gida ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah kada a sake haɗa musu ƙasa. Abin yana yi musu zafi, kara ce kawai ke hana su nunawa." A nan ya warware mini. Tsibiri ne da bai kai Jihar Kaduna faɗi ba, mutum kimanin miliyan 23, da gwamnatinsa da kuɗinsa da sojojinsa. Can gwamnatin Chiang Kai-shek, wadda ke mulkin Chaina a da, ta koma a 1949 bayan ta sha kaye a yaƙin basasa, Chaina kuma har gobe tana cewa nata ne. Mu ma gwamnatinmu bayan Chaina take a wannan magana, shi ya sa a 2017 aka ce ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas.

Abin da ya tara su a wannan hamada na gan shi da idona bayan kwana biyu. Muka hau babban titin I-17 muka yi arewa, muka karya kwana zuwa Loop 303, sai ga wasu manyan gine-gine a tsakiyar fili, injinan ɗaga kaya sun yi musu rumfa. Masana'antar TSMC ke nan, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwaƙwalen na'ura, 'yan ƙwayoyin nan na cikin waya da kwamfuta da ba su fi farce girma ba. Su Apple da Nvidia zanawa suke yi, shi ke ƙera musu. A Mayun 2020 ya ce zai zuba dala biliyan 12 a wurin, a ƙarshen 2022 ya ɗaga zuwa 40, lokacin zuwana magana ta kai biliyan 65, gwamnatin Amurka kuma ta yi alkawarin tallafin biliyan 6.6. Baƙo ba ya wuce ƙofa, daga cikin mota na yi kallona, ina tuna yadda nake tura wa mai saye kwali in ce, "Ɗan Taiwan ne fa, sai haƙuri."

Irin wannan masana'anta ayari guda take ja. Masu kawo mata sinadarai da iskar gas da masu kafa injuna duk sun biyo ta daga gida, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan kamfanoni maƙwabcinmu yake injiniya. Shekara uku aka ce ya zo ya yi.

Batirin mota ne ya shirya mu. Wata asuba na tarar da shi a gaban motarsa, baki a buɗe, waya a hannu, yana neman bayani a intanet. Ya murɗa makulli, na ji "tak-tak-tak", na ce batir ne. Zafin garin cin batir yake yi. Na jawo motar ƙanena muka haɗa waya, ta tashi. Mutumin da ke kula da injunan miliyoyin daloli ya yi ta godiya kamar na ciro shi daga rijiya. Ya ce a gida mashin roba-roba yake hawa, in ya ƙi tashi kuma ga bakanike a bakin lungu. Da yamma ya kira ni garejinsa shan shayin ƙasarsu, fanka tana watsa mana iska mai zafi, Turancina da nasa duk suna ɗingishi, amma a haka muka kai. Da na gaya masa abin da "ɗan Taiwan" ke nufi a kasuwarmu, dariya ya yi har ya cire tabarau. Ya ce garinsu Tainan cike yake da masana'antun fitilun mota, kawunsa ma a ɗaya ya yi ritaya, don haka ba mamaki na sha sayar da aikin hannunsa ina ba da haƙuri.

Ni abin da ya ɗaure mini kai dalilin fitowar ne. Namu mun san shi. Ɗan cin rani yana barin ƙauye ne don rumbu ya yi ƙasa, ƙanena kuma ya ajiye aikinsa a gida ne don albashi ba ya kai shi tsakiyar wata. Su kuwa da wuya a ɗauke musu wuta, suna da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa, asibiti kuma kusan kyauta. To me mai ƙoshi yake nema a gidan wani?

Ya ce fita ba baƙuwa ba ce a wurinsu, alƙiblar ce ke sauyawa. A shekarun 1960 da 1970 har kirari ɗalibai ke yi: zo, zo, zo Jami'ar Taiwan, tafi, tafi, tafi Amurka. Masu ƙwaƙwalwa su gama digiri su haye, da yawa ba su waiwayo ba. Jensen Huang na Nvidia da Lisa Su ta AMD duk haifaffun Taiwan ne da aka kawo Amurka suna yara. Da aka buɗe unguwar masana'antun kimiyya a Hsinchu a 1980, wasu suka fara komawa da abin da suka koyo. Shi kansa Morris Chang da ya kafa TSMC a 1987, shekara 25 ya yi a kamfanin Texas Instruments na Amurka kafin gwamnatin Taiwan ta kirawo shi.

Sai zamanin ubansa, kuma a nan muryarsa ta sauya. Kuɗin ƙwadago ya hau a Taiwan, aka sassauta hanin zuwa Chaina a ƙarshen shekarun 1980, masana'antun takalma da lema da kekuna suka kwashe suka haye ruwa zuwa Dongguan da Kunshan, suka tafi da manajojinsu. Ubansa yana ciki. Shekara 16 ya yi a wata masana'antar takalma a Dongguan, yana leƙo gida na mako guda bayan wata biyu ko uku. Na ce na san Dongguan, na sha ratsa ta tsakanin Guangzhou da Shenzhen. Ya ce, "To ka fi ni. Ban taɓa zuwa ba. Abin da na sani kawai, garin ne ya cinye mini uba." Shi ya sa da aka yi masa maganar Arizona sharaɗi ɗaya ya kafa, ƙafarsa ƙafar iyalinsa. Ya nuna mini ƙididdigar gwamnatinsu a waya: a 2019 mutum 739,000 ne ke aiki a waje, fiye da rabinsu a Chaina. Korona da tsamin dangantaka suka rage wannan, hanya ta karkata zuwa Amurka da Japan da su Biyetnam. Wasu abokan karatunsa suna Kumamoto a Japan, inda TSMC ya buɗe wata masana'antar a Fabrairun 2024.

Nasa dalilin bai ɓoye shi ba. Akwai alawus na zaman waje, kamfani ke biyan haya, kuma wanda ya riƙe reshen waje ba ya komawa kan kujerar da ya bari. Ga kuma maganar muhalli. A Taipei, babban birninsu, sai iyali sun tara duk abin da suke samu na wajen shekara 15, ba ci ba sha, kafin su mallaki gida matsakaici, a Hsinchu kuma inda injiniyoyi suka taru farashin ya bi su. Gidan da yake ciki a Finiks, ɗaki huɗu da fili a baya, ya ce a can ko a mafarki. Na tambaye shi ko tsoron yaƙi yana cikin lissafin. Ya ce tun yana firamare ake cewa gobe za a kawo hari, mutum ba zai fasa cin abinci ba. Can kuma ya ce ƙaramin ɗansa a nan aka haife shi, fasfon Amurka gare shi. Yana faɗin haka ya kau da kai ya ƙara mini shayi.

A wurin aiki ma ba da daɗi aka fara ba, wannan jaridu sun yi ta faɗa. A 2023 TSMC ya ɗage ranar fara aiki, ya ce ƙwararrun masu kafa injuna sun yi ƙaranci, zai kawo daga gida. Ƙungiyoyin ƙwadagon Arizona suka ce ba da su ba, sai a Disamba aka sasanta. Maƙwabcina ya ce a nasu ƙaramin kamfanin abin da ya fi ba shi wuya agogo ne. A gida in inji ya tsaya da ƙarfe biyun dare, waya ɗaya ake bugawa kowa ya fito. A nan lokacin tashi na yi, Ba'amurke ya ɗauki makullinsa, Asabar da Lahadi kuma ko ka kira ba ya ɗagawa. Da farko lalaci ya ɗauke shi. Yanzu ya ce sha'awa suke ba shi. Su kuma Amurkawan kukansu shi ne in taro ya ɗau zafi sai a juye zuwa Sinanci a bar su da kallo. Ya amsa wannan laifin. Na ce kada ya damu, haka mu ma muke juya harshe in ciniki ya yi tsauri a gaban baƙo.

Labarin matarsa sai daren bikin wata na ji shi. Kalandarsu ta gargajiya da wata take tafiya, kuma daren 15 ga watansu na takwas babban biki ne. A shekarar ya faɗo ranar Talata 17 ga Satumba, washegarin hutun Mauludi a gida, kuma a ranar ce zafin ya karye bayan kwana 113 a jere. A Taiwan gashin nama ake yi a daren, kowa a ƙofar gidansa. Gida shida suka haɗu a bayan gidan maƙwabcinmu, aka ce mu zo. Na shirya uzurina saboda alade, ashe matar ta riga ni. Ta je har shagon Larabawa ta sayo naman rago na halal, ta sayi sabuwar ragar gashi, ta ware mana gefe guda. Ko wainar bikin, mai siffar wata, sai da ta nuna mini wadda aka yi da kitsen alade ta ce in bar ta, ga ta man shanu. Ta ce ta san dokar ne don wata Musulma 'yar Indonesiya ce ta yi jinyar kakarta shekara shida. Ashe su suna fita, ma'aikata sama da 700,000 daga Indonesiya da Biyetnam da Filifin da Tailan suna can suna riƙe musu masana'antu da tsofaffi. Na shiga gida na ɗauko yajin ƙulin da na taho wa ƙanena da shi na barbaɗa. Mazan suna tari suna miƙo faranti.

Ita kam kuɗi ne ya fara fitar da ita. Ta gama jami'a a 2010, zamanin da suke kira 22K. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya gwamnati ta fito da wani tsari a 2009 na biyan sabbin masu digiri dalar Taiwan 22,000 a wata, wajen dalar Amurka 700, masu kamfanoni kuma suka riƙe wannan a matsayin farashin mai digiri. Ta yi shekara biyu a wani ofis a kan haka, sannan ta nemi bizar da Ostireliya ke ba matasan Taiwan tun 2004, ta zuwa a yi yawo a yi aiki. Ta yi wata uku tana tsinkar 'ya'yan itace a gona don a ƙara mata shekara, daga nan ta shiga mayanka tana ƙunshe nama cikin sanyi. Abin da take samu a mako ya kusa na watan gida. A can gida kuwa gori ake yi musu, wai masu digiri sun zama leburorin ƙasar wani. Ta ce gorin bai biya mata bashin karatu ba, mayankar ce ta biya.

Duk da haka ta ce Ostireliya ta fi mata sauƙi, don can tana da abin yi. A Finiks wata shidan farko kuka ta sha. Miji ya fita tun da duhu. A gida tana saukowa daga bene ga shagon 7-Eleven, ga likita, ga kasuwar dare, duk tafiyar ƙafa. A nan ko gishiri sai an tada mota. Da katin inshorar lafiya na ƙasa, wanda suke da shi tun 1995, a ranar take ganin likita da 'yan canji. A nan sai a ba ta rana bayan makonni, takardar kuɗi kuma ta biyo baya. Haƙorinta ma ajiye shi take sai ta je hutu. Amma abin da ban zata ba, motar shara take kewa. A Taiwan ba a ajiye shara a titi, mota ce ke zagayowa da kiɗa, kowa ya fito da ledarsa, a tsaya a gaisa, a ɗan taɓa gulma kafin ta iso. A nan ka tura durom ɗinka bakin titi, inji ya ɗaga ya juye, ba ka ga kowa ba.

Matan da suka riga ta zuwa ne suka tsamo ta. Suna da zaure a manhajar LINE, a ciki ake komai: wa za ta je shagunan 'yan Asiya a Mesa ko Chandler a ba ta saƙo, don tafiyar ta kusa awa guda, wane likitan yara ne ke jin Sinanci, wa zai koma gida ya sayar wa sabon zuwa kujerunsa. Ta kai ni kicin ta nuna mini tukunyar shinkafa ta Tatung da ta riƙo a jirgi, ta ce ɗan Taiwan ba ya barin gida ba da ita ba. Na ce wannan ai zango ne, irin na Kumasi, sai dai a cikin waya yake kuma babu sarkin zango. Ni a ganina zango yana rufa wa baƙo asiri, amma in ya yi daɗi da yawa hana shi sanin gari yake yi, kuma ita da bakinta ta ce akwai waɗanda suka shekara biyu ba su taɓa shiga gidan Ba'amurke ba. Ita makarantar 'yarta ce ta fito da ita, ta shiga aikin sa kai a ɗakin karatu, sai kuma katangar nan da suke hira ta kanta da matar ƙanena.

Yaran kuwa ba ruwansu da duk wannan. 'Yarsu mai shekara takwas da 'yar ƙanena suka ɓare wani ƙaton lemo da ake ci a bikin, suka kifa ɓawon a ka kamar hula, wai haka yaran Taiwan ke yi. Uwar ta yi mata magana da Sinanci, ta amsa da Turanci. Na kira tawa da Hausa, ta ce "Baffa" sarai, sauran duk Turanci, irin na ƙawarta sak. Ranar Asabar da safe motoci biyu ke fita lokaci ɗaya, ɗaya ta yi Islamiyya, ɗaya ta yi makarantar Sinanci inda ake koyar da tsohon rubutu mai cikakken zane irin na Taiwan, ba gajartaccen na Chaina ba, yaran motocin biyu duk fuska a murtuke. Uban yana ta lissafi a gaban wuta. In sun koma bayan shekara uku, sa'o'in 'yar sun yi mata nisa a rubutu. In sun ƙara, komawar ta ƙara nauyi. Ga iyayensa suna tsufa a Tainan, shi ne kuma babban ɗa. Ƙanena ya yi shiru yana juya nama, don Hajiyarmu ma tana can tana ƙirga shekaru, kuma saƙon da ta ba ni in kawo masa ke nan, ban kai ga faɗa ba tukuna.

Na tambaye su kai tsaye ko za su koma. Mijin ya ce babu shakka. Matar ta ce a ga yadda hali zai yi. A garejinsu rabin kwalayen da suka zo da su ba a kwance ba, amma a bayan gida ta shuka dankalin Hausa don ganyensa, wanda suke soyawa da tafarnuwa, ya yi yaɗo har gindin katanga. Ana gobe zan taho na saro mata reshe daga zogalen matar ƙanena, na nuna mata yadda ake dasawa.

Bayan dawowata masana'antar ta fara aiki, a Maris na 2025 kuma TSMC ya ce zai ƙara dala biliyan 100 a kan biliyan 65 ɗin baya. Yaron shagona ya sa mini LINE a waya saboda injiniyan, na tura masa hoton kwalayen fitilu a kan kanta, ya ce ya kai wa kawunsa. Saƙonsa na baya-bayan nan layi biyu ne da hoto. An ƙara masa shekara biyu. Zogalen ya wuce katanga, matarsa tana tambaya ko ganyen ake fara dafawa kafin a sa ƙuli-ƙulin.